Lenovo LOQ 15: Kwamfutar Wasa Mai Buƙatar Ƙari Kafin Ta Nuna Ƙarfinta

Kamfanin Lenovo ya fito da jerin kwamfutocin LOQ a shekarar 2023 domin masu son wasannin bidiyo waɗanda aljihunsu bai kai ga Legion ba, wato jerin kwamfutocin wasa na kamfanin masu tsada. Samfurin da nake magana a kansa shi ne mai ƙwaƙwalwar sarrafawa Intel Core i5-13420H da katin hoto RTX 4050 na kamfanin NVIDIA, wanda ake sayarwa da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) mai 8GB da ma'adanar SSD mai 512GB. A ganina kwamfuta ce da ta cancanci kuɗinta, amma da sharaɗin mai saye ya ware kuɗin ƙara mata RAM tun ranar da zai biya, domin a yadda take fitowa daga kwali ba ta kammala ba.

Kunna ta karon farko yana buƙatar haƙuri da data mai yawa. Windows 11 ba ta barin mutum ya wuce sai ya haɗa intanet ya shiga da asusun Microsoft, daga nan kuma sai sabuntawa ta biyo baya, ta Windows da ta direban NVIDIA. Wanda yake sayen data da awo gara ya nemi wurin da ke da intanet mara iyaka, kuma kada ya taɓa sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, sai batir ya cika kuma caja tana jone, saboda idan kwamfutar ta mutu a tsakiyar wannan aiki tana iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Manhajar Lenovo Vantage ta burge ni saboda sauƙinta. A cikinta ake kunna tsarin da ke tsayar da caji kafin batir ya cika maƙil, abin da ke ƙara masa kwana ga wanda kwamfutarsa ke yini a jone. Danna maɓallan Fn da Q kuma yana sauya yanayin aiki, fitilar maɓallin kunnawa tana nuna shuɗi idan ana son shiru, fari a matsakaici, ja kuwa idan an sake mata linzami. Jan ba ya samuwa sai da caja, kuma batirin mai 60Wh ba a yi shi don dogon wasa ba, don haka wanda ba shi da tsayayyar wuta ya sa sola ko inbata a lissafinsa.

Inda kwamfutar ta fi cin maki shi ne cikinta. Da ƙaramin sukudireba da ɗan faifan roba na ɓanɓare murfin ƙasa, za a tarar da ramukan RAM guda biyu na nau'in DDR5, ɗaya a cike ɗaya fanko, da gurbi na biyu na SSD. Dole a cire igiyar batir kafin a taɓa komai. Sandar RAM ana shigar da ita ne a karkace, sannan a danna ta ƙasa har maƙallanta biyu su yi ƙaras. Amfanin sanda ta biyu bai tsaya ga ninka 8GB zuwa 16GB ba, domin sanduna biyu suna ba na'urar hanya biyu ta ɗaukar bayanai a lokaci guda, kuma a nan ne yawan cijewar da wasa ke yi yake raguwa. Zai fi kyau sabuwar ta dace da ta asali a girma da gudu, kuma a lura cewa tsohon nau'in RAM na DDR4 ba ya shiga wannan rami ko da mai shago ya rantse. Ita kuwa ma'adanar, abin da Windows ke nunawa daga 512GB bai wuce kusan 476GB ba, alhali wasa guda kamar Call of Duty yana iya haura 100GB, saboda haka ƙarin SSD ba ado ba ne.

Akwai abubuwan da ƙari ba zai gyara ba. Katin hoton yana da 6GB ne kacal kuma ba a sauya shi, don haka a sababbin manyan wasanni sai an rage ingancin hoto ko a dogara da DLSS, fasahar NVIDIA da ke ƙara wa wasa gudu ba tare da hoton ya lalace sosai ba. Allon mai 144Hz yana gudu sumul, amma launukansa a wannan samfuri ba su da kaifin da mai aikin gyaran hoto yake buƙata. Fankokinta suna da ƙara idan aiki ya yi nauyi, kuma da yake ta ƙasa suke shaƙar iska, a zafin bazara ɗora ta kan katifa zalunci ne, a lokacin hunturu kuma ƙura tana toshe su da wuri, sai an riƙa buɗewa ana sharewa.