Miƙa ƙafa ko tausa: wanne ke sakin bayan cinya?

Ƙanena, ka ce wuni kake kan kabu-kabu tsakanin Kasuwar Dole da Zango, da la'asar sakaliya ka tafi wasan balo, amma in ka duƙa hannunka ba ya wuce ƙwauri saboda bayan cinya ya ɗaure tamau. Wani ya ce ka je a yi maka tausa, wani ya ce ka dinga miƙa ƙafa da kanka. In ɗaya za ka ɗauka, ɗauki miƙa.

Tsoka uku ce a bayan cinya. Sun kama daga ƙashin da kake zama a kansa, suka tsallake gwiwa ta baya, suka riƙe saman ƙwauri. Wanda ya wuni gwiwa a lanƙwashe, ba abin da ke jan su zuwa iyakarsu, har sai ya zo harba balo.

Tausa tana da daɗi, kuma ba ƙarya take ba. Mai hannu ya shafa man kaɗe ya bi tsokar da babban yatsa daga gwiwa zuwa sama, ka tashi sakayau, ka duƙa ka ga ka ƙara nisa. Sai dai ribar ba ta kwana. Washegari ka hau babur kamar ba a yi ba, kuma kowane zuwa sai ka taɓa aljihu. Haka ma birgima cinya a kan abu mai siffar gora da 'yan wasa ke yi: sauƙi ne na ɗan lokaci.

Miƙa kuwa ranar farko ba ta ba ka komai sai jin ja. Amfaninta taruwa yake yi. A 1994 wasu masu bincike, Bandy da Irion, sun gwada a Amurka: mutane suna miƙa bayan cinya kwana 5 a mako har mako 6, wasu sakan 15, wasu 30, wasu 60. Masu 30 da masu 60 sun ƙaru kusan daidai, masu 15 kuwa ba su bambanta da waɗanda ba su yi komai ba. To sakan 30 ya isa, amma fa a ƙirga shi, don mai jin ja yakan ɗauka ya kai alhali bai yi rabi ba.

Kwanta rigingine a tabarma, ka rataya rawani ko tsohon zane a tafin ƙafa, ka ɗaga ta gwiwa a miƙe har ka ji ja a tsakiyar cinya, ka tsaya nan kana numfashi. Ɗaya ƙafar ta zauna a ƙasa. Ko ka ɗora dunduniya kan dakali ka sunkuyo daga ƙugu, ƙirji a gaba. Yawancin samarin da nake gani a fili bayansu suke lanƙwasawa don su taɓa yatsun ƙafa, suna zabura suna komawa. Gadon baya ne ke shan wahalar, cinya tana hutu. A makonnin farko ba tsokar ce ke ƙara tsawo sosai ba, jiki ne ke daina tsoron jan, shi ya sa in ka bari, sannu a hankali yake komawa gidan jiya.

Akwai hanyar da ta haɗa hannun wani da ƙoƙarinka, wadda masu gashin ƙashi na asibiti ke kira PNF. Likita Herman Kabat da Margaret Knott suka gina ta a shekarun 1940 suna aiki da masu shan inna. Kana kwance, abokinka ya ɗora dunduniyarka a kafaɗarsa ya ɗaga har inda ta tsaya. Sai ka danna kafaɗar tasa da ƙafa, da rabin ƙarfi ko ƙasa da haka, kamar sakan 6, ka saki, ya ƙara ɗagawa kaɗan. Sau uku. A zama guda takan ba da nisa mai ban mamaki, amma in an yi makonni ita da miƙa ta kai kaɗai ba su da wata tazara. Haɗarinta abokin ne. Kada ka ba ɗan kokowar da ya fito daga filin Langa-Langa ƙafarka yana ganin gwajin ƙarfi ne. Kai ne mai cewa a tsaya.

Lokaci ma ya raba miƙa da tausa. Kafin wasa, ɗan gudu da lilo da ƙafa gaba da baya sun fi, domin riƙe miƙa fiye da minti ɗaya yana ɗan rage zafin gudu na wani lokaci. Doguwar miƙa ka bar ta bayan wasa, jiki da ɗumi, ba da asubar hunturu ba. Tausa ta fi dacewa da ranar gajiya.

In kuwa tsoron yagewar tsoka ne ya sa ka tambaya, duka biyun ba su ne maganin ba, ƙarfi ne. Ka durƙusa, wani ya danne maka idon sawu, ka tafi gaba a hankali kana riƙe kanka da bayan cinya har ka sauka kan tafin hannu. Nodik ake ce masa, kuma binciken da aka tattara a 2019 ya nuna yana rage wannan rauni da kusan rabi.

Abu biyu ne za su sa ka ajiye duk wannan ka nufi asibiti. In jan yana sauka har ƙasa da gwiwa da mimmirniya ko ɗaukewar ji, kuma yana ƙaruwa in ka sunkuyar da kai, to babbar jijiyar da ta fito daga ƙugu ce, miƙa da ƙarfi tsokanar ta yake yi. In kuma kana gudu ka ji kamar an jefe ka a cinya, wurin ya kumbura ko ya yi baƙi, kada a matsa, kada a ja, kada a yi ƙaho a kwanakin farko, sai an duba girman yagewar.