Mai gyaran famfon da ya gano min inda ruwa ke zurarewa

Wallahi wata biyu bangon bandakina yana jiƙe, fenti sai ɓarewa yake, ga wani warin danshi da ya ƙi fita. Na farko da na kira daga zuwa sai ya ce a fasa tayil gaba ɗaya, na ce masa a'a malam, tsaya tukuna.

Shi wannan na biyun bai taɓa guduma ba sai da ya sa na rufe duk famfunan gidan, muka tsaya kan mita muna kallo, ai kuwa allurar tana ta juyawa a hankali alhali ba mai amfani da ruwa. Ya ɗiga kala a tankin masai ya jira minti 15, ba ta sauko ba, ya ce to ba nan bane. Sai ya ɗauko wata na'ura ya sa a kunne yana bin bango kamar likita, har ya tsaya wuri ɗaya ya zana da alli. Tayil biyu kacal ya cire, ashe mahaɗin bututu ne a kwana gam ɗin ya saki.

Matsalarsa ɗaya dai, ya makara sosai, kuma tarkacen ni na share da kaina. Amma bango ya bushe, lambarsa na ajiye.