Ƙaramar waya mai maɓalli: wata uku ina gwada ta a kan shagala

Kalma ɗaya da mahaifiyata ta faɗa mini ce ta kai ni kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano. Na je gaishe ta bayan sallar Magariba, tana ba ni labarin rashin lafiyar ƙanwarta, ni kuwa ina amsawa da "to" da "Allah ya sawwaƙe" alhali idona yana kan waya. Sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Bari sai ka gama, na ga ka shagala." Na kwana da wannan magana a raina, washegari kuma na sayi ƙaramar waya mai maɓalli, irin wadda matasa ke yi wa laƙabi da rakani-kashi, na mayar da layina a kanta.

Hajiya ta zaɓi kalmar da ta dace da laifina. Da ta ce na sha'afa, da ta yi mini sassauci, domin sha'afa mantuwa ce ta ɗan lokaci, kamar mutum ya fita ya bar makulli a jikin ƙofa. Rafkana kuma mun fi jin ta a babin salla, inda mutum zai kasa tuna ko raka'a uku ya yi ko huɗu, har sai ya gyara da ƙabli ko ba'adi. Ita shagala daga Larabci muka aro ta, daga tushen da ke nufin aiki, wanda shi ne kuma ya ba mu shagali, kuma da wannan tushe ne Larabawan ƙauye suka kawo uzuri a aya ta 11 ta Suratul Fathi cewa dukiyoyinsu da iyalansu ne suka shagaltar da su. Saboda haka hankalin wanda ya shagala yana nan yana aiki tuƙuru, sai dai a wurin da ba a aike shi ba. Shi ya sa ake cewa yaro ya shagala da wasa har tuwo ya huce, ko a ja kunnen fasinja kada ya shagaltar da direba da hira.

Da wannan ma'ana na auna wayar, kuma ta ci jarrabawa, domin, in ban da rediyo, babu wani aiki a cikinta da zai riƙe mutum fiye da minti biyu. Tana ɗaukar layi biyu, tana da tocila da rediyo da wurin sa katin memori, kuma caji ɗaya yakan kai ni kwana huɗu ko biyar, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda unguwarsu ke kwana ba wuta. Muryar mai kira tana fita tangaram ko a cikin hayaniyar kasuwa. Duba kuɗin kira da *310# da sa kati da *311#, wato lambobin bai-ɗaya da aka koma amfani da su a Nijeriya a 2023, duk suna tafiya daidai, haka ma tura kuɗi ta lambar banki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda hannuna ya ci gaba da zaro ta daga aljihu a makon farko ba tare da ta yi ƙara ba. Sai in kalli ɗan gilashinta, in ga agogo da alamar caji, in rasa abin da zan taɓa, in mayar da ita. A nan na gane cewa rabin shagalar da nake ɗora wa babbar waya sabo ne da ya riga ya zauna a hannuna.

Tana da nata nakasu, kuma ba zan ɓoye su ba. Rubuta saƙo a kanta wahala ce: kalmar shagala kaɗai sai an danna maɓalli sau 13 kafin ta fito, harafin s shi kaɗai yana cin huɗu, sannan babu ƙ da ɗ da ɓ, don haka ƙofa takan koma kofa, a bar mai karatu ya yi hasashe. Kyamararta ta cika sharaɗi ce kawai, da wuya a gane fuskar mutum a hoton da ta ɗauka. Babbar asarar kuwa ita ce rashin WhatsApp, domin yanzu a can ake sanar da ɗaurin aure da suna da rasuwa, kuma sau ɗaya jana'izar wani maƙwabcinmu na tsohuwar unguwa ta wuce ni, sai ta'aziyya na je washegari cike da kunya. Rediyonta ma ba abin sakankancewa ba ne, don na taɓa sa abin sauraro a kunne ina bin shirin siyasa har aka tayar da sallar Isha'i ban ji ba.

Ga ɗan kasuwar da cinikinsa ya dogara da tura hotunan kaya, ko ma'aikacin da ofishinsu ke ba da umarni ta WhatsApp, wannan waya ba za ta wadatar ita kaɗai ba. Ga ɗalibi mai shirin jarrabawa, da direba, da magidancin da ke son ya zauna da iyalinsa da hankalinsa a wurin, ta cancanci kuɗinta har da ƙari. Ni dai tsarin da na tsaya a kai shi ne babbar waya tana zaune a durowa da layi na biyu, ina buɗe ta da safe da kuma bayan La'asar, ƙaramar kuma ita ke bi na ko'ina. Ranar Juma'ar da ta wuce Hajiya ta karɓe ta ta jujjuya, ta ce in sayo mata irinta, amma mai manyan lambobi.