Kan jirgin roba da na saya don in sa masa tsatsa

Kwalin bai kai fam ashirin ba. A wani ɗan shagon ƙananan jiragen ƙasa na gan shi, nan Cardiff inda nake aiki, can ƙasan kanta har ƙura ta fara hawansa. Da na nuna wa dattijon mai shagon, sai ya fara ja mini kunne: wannan fa ba ya tafiya, babu inji a cikinsa, roba ce zalla, kai za ka harhaɗa abinka da gam. Na ce masa faɗuwa ta zo daidai da zama, domin ni ma mataccen jirgi nake nema.

Abin da ke ciki kan jirgin ƙasa ne mai cin kwal, samfurin 9F na Birtaniya, an rage girmansa sau 76, wato tsawon kowace ƙafa guda ta awo ya koma milimita 4. In an gama haɗa shi da taragon kwal da ruwan da yake ja, tsawonsa ya ɗan haura santimita 26. Hoton da ke jikin kwalin na mai lamba 92220 ne, wanda aka raɗa wa suna Evening Star, autan kawunan jirage masu tururi da hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta ƙera, a Swindon, cikin 1960. Shi ɗan gata ne, koren fenti gare shi, bakin bututun hayaƙinsa na jan ƙarfe, yau yana gidan tarihin jiragen ƙasa na York ana goge shi. Ni wansa nake so, 92219, wanda ya riga shi fitowa daga masana'anta ɗaya. Shekara biyar kacal ya yi yana aiki aka sallame shi a 1965, ya je ya share shekara ashirin a filin 'yan gwangwan na Woodham Brothers a Barry, bakin teku, kafin a fitar da shi a 1985.

Wannan fili shi ne dalilin aikin gaba ɗaya. Kawunan jirage 297 aka kai can don a yayyanka, amma mai wurin, Dai Woodham, ya sa ma'aikatansa suka duƙufa kan tsofaffin taragai saboda sun fi sauƙin yanka. Manyan suka yi ta jiran layinsu cikin ruwan sama da iskar gishiri, har masu son jirage suka riƙa tara kuɗi suna fansar su ɗaya bayan ɗaya. 213 suka tsira. Barry ba ta kai tafiyar rabin awa daga inda nake ba, na je, filin ya zama gidaje da shaguna. Hotunan wancan zamani ne kawai suka rage, kuma su na baza a kan tebur kafin in taɓa reza.

Gaskiya robar ta nuna shekarunta. Mazubin da ake zuba ta tun farkon shekarun 1960 yake, don haka kusan kowane yanki yana zuwa da ɗan leɓe a gefe wanda sai an kankare. Ɓari biyu na tukunyar jirgin, wato doguwar gangar da ruwa ke tafasa a ciki, ba su haɗu sumul ba, sai da na cike tsagar na bi ta da samfefa sau uku kafin layin ya ɓace. Ƙafafun goma manya, da biyu ƙanana a gaba, sun fito da kyau, sai dai ramin tsakiyar biyu daga ciki ya yi ɗan faɗi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sandunan riƙo da ke bin jikin tukunya: a manne aka zubo su, kamar jijiya a bayan hannu. Na kankare su duka na huda ramuka na sa siririyar waya. Dare biyu wannan ya ci. Wanda yake son jirgi mai sheƙi na ajiye a falo zai sha wahala da wannan kwali, kuma ba na ba shi shawarar saye.

Amma ga mai son gawa, rabin aibinsa alheri ne. Tunda ba tsada, hannu ba ya rawa. Na cire sandunan da ke haɗa ƙafafu na jefa biyu cikin taragon kwal, kamar yadda na gani a hotuna. Na yanke bututun jan ƙarfe da famfunan cikin ɗakin direba, domin su aka fara kwashewa a Barry. Taragon kuwa na bi bangonsa ta ciki da ɗan injin huji, ina ci a hankali ina ɗaga shi ga fitila, har robar ta yi sirantar da haske ke ratsa ta, sannan na tsokane ta da bakin allura. Ramin da ya fito ba zagayayye ba ne, bakinsa a yage yake, sak yadda tsatsa ke cin farantin ƙarfe daga inda ruwa ya kwanta. Ba zan iya yi wa jirgin fam ɗari biyu haka ba.

A wajen tsatsar ne na yi kuskure, kuma daga gida na kawo shi. Baba ma'aikacin reluwe ne a Zariya, muna yara muna ratsa bayan loko inda aka jibge tsofaffin kawunan jirage, da yawansu ma daga Ingila aka kawo su. Tsatsar da idona ya saba da ita ke nan: busasshiya, mai haske, ja-ja kamar ƙasar tuƙa bulo, ƙurar hunturu ta lulluɓe ta, in ka shafa sai ta biyo tafin hannu kamar gari. Ita na shafa wa 92219 da farko. Uwargida ta leƙo ta kalli jirgin, ta kalli hoton da ke gefe, ta ce, "Wannan ai na Zariya ka yi, na hoton jiƙaƙƙe ne." Ta yi gaskiya. Tsatsar bakin teku duhu gare ta, ruwan makuba ce mai kusan komawa baƙi, ruwan goro ba ya fitowa sai a inda sabon ɓawo ya ɓalle. Kuma tana da hanya: daga kowane ƙusa, kowace gaɓa, take zubowa ƙasa tana bin zagayen tukunya yadda ruwan sama ya bi. Na wanke fentin na koma farko.

Karo na biyu na fara da makuba mai duhu a jiki duka, na bi da soso ina ɗiɗɗiga launi uku, ƙasa-ƙasa da ja da ɗan ruwan goro, ba tare da na bar su sun gauraya ba. Da ya bushe na ɗan jiƙa saman tukunyar na barbaɗa gishiri, mai gari da mai tsakuwa, na bar shi ya kama. Sannan na fesa baƙin fenti wanda na kashe da toka-toka, domin baƙin da ya shekara ashirin a waje ba baƙi ba ne kuma. Washegari na sa tsohon buroshin haƙori na kakkaɓe gishirin. Duk inda ƙwaya ta tashi, tsatsa ta leƙo daga ƙarƙashin fenti, wani wuri ɗigo-ɗigo, wani wuri faffaɗa kamar taswira. Na daɗe ina juya shi a hannu a wannan safiyar. Abu ɗaya: kada ruwan ya yi yawa, in gishirin ya narke yana barin farin tabo, gefen hagu na taragona har yanzu akwai shi kaɗan.

Zubin tsatsar da fentin mai na yi shi. Ɗigo ɗaya da bakin tsinken sakace a ƙarƙashin ƙusa, sai a ja shi ƙasa da buroshi mai ɗan danshin sinadarin tsinka fenti, a ja sau ɗaya a bari. Akwatin hayaƙi na gaba, wanda wuta ta riga ta cinye fentinsa tun jirgin na aiki, shi na fi bai wa ja, na ƙara masa garin allin zane da na goga a samfefa don ya yi kaushi. Ƙafafu da ƙarƙashi ban sa musu ja sosai ba, saboda tsohon mai da gawayi sun daɗe suna kare su. A ƙasan taragon da gefen da ba ya samun rana na ɗan shafa kore mai duhu na gansakuka, abin da jirgin Zariya bai taɓa sani ba.

Takardar lambobin da ke cikin kwalin ta 92220 ce, don haka lambar wansa da hannu na rubuta ta, da farin fenti da buroshi mafi siranta, a karkace kaɗan. Haka masu zuwa Barry suke yi idan lambar asali ta goge. Wasu har saƙo suke rubutawa a goshin jirgi, suna roƙo a madadinsa kada a bar shi ya mutu. Na yi niyyar ƙara wannan, na fasa, goshin bai kai faɗin kwabo biyu ba kuma tsatsar wurin ta yi kyau.

Mako biyar aikin ya ɗauke ni, yawanci bayan sallar isha'i. Na ɗora shi a kan guntun layin dogo mai faɗin milimita 16.5, na dasa masa ciyawar zare tsakanin katakai. Da na aika wa Baba hotonsa, tambayar farko da ya yi ita ce ina sandunan ƙafafun suka tafi, na ce suna cikin tarago. Ya ce to daidai, haka ake yi in za a ja mataccen inji. Ranar Asabar na koma shagon na sayi kwali na biyu, shi kuma busasshiyar tsatsa zan yi masa.