NVMe a kan Raspberry Pi 5: saurin yana nan, amma ba inda ake zato ba

Raspberry Pi 5, ƙaramar kwamfuta mai allo ɗaya da ta fito a Oktoban 2023, ta zo da ramin PCIe (hanyar haɗa na'urori masu sauri) mai layi ɗaya. Na gwada ramin da M.2 HAT+ (allon da ake ɗorawa a kan Pi don ya riƙe SSD) da SSD (ma'ajiyar bayanai) na NVMe, wato irin wanda yake aiki ta PCIe, mai 256GB, girman 2242 (faɗi 22mm, tsawo 42mm), na kuma kwatanta da katin microSD mai tambarin A2 da SSD na SATA ta USB 3.0.

Karatun babban fayil a jere: katin yana tsayawa wajen 85 zuwa 90 MB a daƙiƙa, domin ramin katin ba ya wuce 104. SATA ta USB yana kai 350 ko kusa. NVMe kuwa wajen 450, kuma a nan ne mutane suke jin an cuce su, don kwalin SSD ɗin ya ce 3,000. Ba laifin SSD ba ne. An yi shi don layi huɗu, Pi ya ba shi ɗaya, kuma na PCIe ƙarni na biyu. In ka sa dtparam=pciex1_gen=3 a cikin /boot/firmware/config.txt, layin zai koma ƙarni na uku, gudun ya haura 800. Kamfanin Raspberry Pi bai lamunci wannan gudun ba, to bayan ka kunna ka duba dmesg, umarnin da yake nuna saƙonnin tsarin. In kurakuran PCIe suna fitowa, ka mayar da 3 ɗin zuwa 2. Sayen SSD mai tsadar gaske a nan asarar kuɗi ce kawai, mai rahusa ma zai cika layin.

Amma ni ba wannan lambar ce ta burge ni ba. Aikin yau da kullum na kwamfuta ba kwafar babban fayil ba ne, tsince-tsince ne: 4KB nan, 4KB can. A gwajin irin wannan karatun da fio, manhajar auna saurin ma'ajiya, kati yana yin karatu dubu kaɗan a daƙiƙa, NVMe yana yin dubun dubata. Shi ya sa apt upgrade, umarnin sabunta manhajoji, da yake daskarar da komai a kan kati yake wucewa ba ka sani ba, Chromium ya buɗe ba jira, rumbun bayanai ya daina nishi. Ko a ƙarni na biyu ka bar shi, wannan ribar tana hannunka.

Wurin haɗawa ne ake yawan tuntuɓe. Siririyar igiyar da take haɗa HAT ɗin da Pi, mai fil 16, tana da gaba da baya, kuma maƙallinta ɗan ƙaramin baƙin roba ne da farce zai iya ɓalle shi. Ɗaga shi a hankali, tura igiyar ta shige daidai ba karkace ba, sannan ka danne. In lspci, umarnin da yake jera na'urorin PCIe, bai nuna SSD ba, fara zargin igiyar kafin komai. Don Pi ya tashi daga NVMe, sabunta EEPROM, inda manhajar tayar da shi take, ka buɗe rpi-eeprom-config --edit ka sa BOOT_ORDER=0xf416. Ana karanta shi daga dama: 6 NVMe, 1 kati, 4 USB. HAT+ ɗin kansa 2230 da 2242 kawai yake ɗauka, dogon 2280 ba zai zauna ba.

Sai wuta. Pi 5 yana son 5V 5A, wato cajar 27W. Da caja mai 3A yana taƙaita USB zuwa 600mA, kuma wannan ne yake sa SSD na USB ya ɓace a tsakiyar rubutu. Cajar waya, komai girman watt ɗin da aka rubuta a jikinta, galibi ba ta ba da 5A a kan 5V. Inda ake yawan ɗauke wuta kuma, SSD ba kariya ba ne. Ɗan batirin UPS, mai riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, ya fi shi amfani ta wannan fuskar. Fanka ma dole ne, don HAT ɗin yana rufe saman allon, kuma daga digiri 80 injin zai fara rage gudu.

Mai Pi 4 ba shi da ramin PCIe, sai USB. Can matsalar kwanson da yake haɗa SSD da USB ce: wasu ba sa jituwa da UAS, hanyar aika bayanai mai sauri ta USB, sai gudu ya faɗi ƙasa da na kati ko ya riƙa katsewa. Maganin shi ne usb-storage.quirks=VID:PID:u a cmdline.txt, ka ɗauko lambobin VID da PID na kwanson daga umarnin lsusb. Gudu zai ragu, amma zai zauna lafiya. Ka kuma gwada fstrim -v /, don kwansuna da yawa ba sa isar da TRIM, saƙon da yake gaya wa SSD wuraren da aka goge, kuma ba za ka gane ba sai bayan watanni rubutu ya fara ja.