Ka koma sabuwar unguwa a gefen gari, to ina za ka riƙa cin abinci?

Mai shirin tarewa a unguwar da ake kan ginawa lissafinsa duk a kan haya yake da ruwa da wuta da makarantar yara da nisan wajen aiki, maganar abinci kuwa sai ranar da aka sauke kaya, tukwane na cikin kwali, ba a haɗa gas ba, yara na ta ƙorafin yunwa, sannan ake tunawa ashe ciki ba ya jiran a gama jere. Kuma a wannan makon na farko ne yawanci mutum ke faɗawa wajen da ya fi kusa da ƙofarsa, shi ke nan ya maƙale masa, ba wai don ya fi sauran ba, don dai shi ya fara gani.

Abin da ya kamata a fara ganewa, sabuwar unguwa ba irin tsohuwa ba ce. A tsohuwar unguwa shekaru sun riga sun yi maka tankaɗe da rairaya, wajen da ya shekara goma yana dafawa ai akwai dalilin da ya sa bai rufe ba. A nan kuwa kowa sabon shiga ne, mai hannu da marar hannu duk fentinsu sabo ne fil. Akwai wani bincike da H.G. Parsa da abokan aikinsa suka fitar a 2005 kan gidajen abinci a birnin Kolumbus na Amurka, sun gano kusan kashi 26 cikin 100 na masu zaman kansu suna rufewa ko su canza mai shi a shekarar farko, kafin a cika shekara uku kuma abin ya kai wajen kashi 60. Gari ɗaya ne aka auna, amma duk wanda ya zauna a unguwa mai tasowa ya san hoton, yau shagon abinci ne, wata shida ka dawo ka tarar ana aski a ciki. Don haka kar ka kama gida saboda wani restoran da ya burge ka ranar da ka je dubawa.

Kuma masu abinci bi da bi suke zuwa. Na farko masu ciyar da magina da leburori da direbobin tifa, tun babu ko kwalta suna nan. Sai masu rumfa a mararraba da gefen gidan mai. Manyan kamfanoni masu rassa ba sa zuwa sai sun ƙirga rufin gidaje da motocin da ke wucewa sun ga lissafi ya fita, su kuma masu kujerun alfarma da fitilu kala-kala su ne 'yan ƙarshe. In ka kalli waɗanda ke ƙasa yanzu za ka san matakin da unguwar take.

Bari mu fara da reshen babban kamfani tunda shi ido ke fara gani. Amfaninsa ɗaya ne kuma babba ne, ka san abin da za a ba ka. Ɗanɗanon nan ɗaya ne da na reshen da ka baro, farashi a rubuce yake, lokacin buɗewa da rufewa ba ya canzawa, akwai wajen fakin da banɗaki, in an yi maka ba daidai ba akwai manajan da za ka nema. A daren tarewa wallahi babu kamarsa. Amma a ce shi ne abincinka na kullum, a'a. Yawancinsu soye-soye ne da gishiri da sukari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kar ya kai giram 5 na gishiri a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, alhali fileti guda na irin wannan abincin yana iya cinye maka rabin wannan ko fiye. Ga shi aljihu ma yana ji in iyali da yawa. Sannan a lura, sabon reshe a watanninsa na farko ma'aikatan duk koyo suke, ka ba da odar wannan a kawo maka wancan, suna ne na kamfani amma hannun na sabon yaro ne.

Ƙaramin gidan abinci na mutum ɗaya ko na iyali, nan ne nake ganin ya kamata mutum ya ɓata lokacinsa wajen nema, don in ka dace da na kirki ka huta, in ka faɗa na banza kuma ba wanda zai cece ka. A nan mai wajen yana zaune, sau da yawa ma shi ko matarsa ke kan tukunya, bayan zuwa uku an san fuskarka, an san ba ka son yaji da yawa, ranar da ka makara a ajiye maka. Wannan ba ka samunsa a wajen kamfani ko shekara nawa ka yi kana zuwa. Matsalarsu ita ce rashin tsayawa a kan hali ɗaya, ranar da mai girkin ba ta zo ba abincin ya zama wani abu daban.

To ta yaya ake gane na kirkin? Ni abin da na fi dubawa shi ne saurin ƙarewar abinci. Je ka ranar aiki, Talata ko Laraba da rana tsaka, ba daren ƙarshen mako da ko'ina yake cike ba. Tsaya ka kalli su wa ke ci. In ka ga ma'aikatan shagunan kusa da malaman makaranta da direbobi suna shigowa ba sa ko kallon menu, suna zama kawai a ce musu na kullum ko, to wajen nan yana da gaskiya, don waɗannan mutanen kullum suke ci kuma ba su da kuɗin asara. Sai ka kalli menu ɗin kansa. Kicin mai murhu biyu da mutum uku a ciki amma menu shafi shida, abinci kala saba'in, tambayi kanka ina ake ajiye kayan duk wannan kuma tun yaushe. Wanda yake da kala biyar ko shida, kana zuwa ƙarfe uku a ce maka wallahi biyu sun ƙare sai gobe, shi ne abin nema. Kalmar ya ƙare a gidan abinci albishir ce.

Dalili kuwa ba na ɗanɗano kaɗai ba ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, ko dai yana kan zafi sama da digiri 60 ko yana cikin firij ƙasa da digiri 5, tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Abinci mai ɗumi-ɗumi, wanda ba zafi ba sanyi, shi ne abin tsoro. Shinkafa ma da mutane ke raina wa tana da nata, akwai wata ƙwayar cuta Bacillus cereus da ke tsallake dahuwa, in aka bar shinkafar ta huce a waje na awanni sai ta saki dafin da ko an sake ɗumamawa ba ya mutuwa, mutum ya yi ta amai yana zargin nama. Ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2015 ya ce mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta dalilin abinci duk shekara, 420,000 na mutuwa, 125,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Mai ƙananan yara dai sai ya fi kowa sa ido.

Masu rumfa da tebur da masu sayarwa a mota, mutane da yawa na ɗaga musu hanci, ni kuma ina ganin suna da wani abu da restoran ba shi da shi, komai a gabanka ake yi. Gani ya kori ji. Ba ƙofar kicin da aka rufe. Tsaya gefe minti biyar kafin ka saya ka kalli hannu kawai. Hannun da ya karɓi kuɗi shi ne ya koma ya ɗauki abinci? Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama su ne aka yanka albasa da tumatir da za a zuba maka ba dahuwa? Ruwan wankin kwanon a bokiti ɗaya yake tun safe har ya yi kauri, ko ana canzawa? Akwai wani tsumma guda da ake goge tebur da shi a goge fileti a goge gumi? Mai a kasko ya yi baƙi ƙirin yana hayaƙi? In duk wannan ya wuce lafiya kuma ana sauke abin daga wuta kai tsaye zuwa hannunka, wallahi ya fi wani waje mai esi da abincinsa ke kwance a tire tun hantsi. Illarsu a sabuwar unguwa ƙura ce, gini ake ko ta ina, tifofi na wucewa, abin da ba a rufe ba ya sha siminti. Kuma ba su da tabbas, yau suna nan gobe an tashe su za a yi kwalbati.

Sai oda ta waya. A nan ne mazauna bayan gari suka fi cutuwa ba su sani ba. Manhajar za ta nuna maka gidajen abinci rututu kamar a bayan gidanka suke, amma duba nisan, rabinsu a tsakiyar gari suke, ga gosulo, ga ɗan delibari yana neman layin da ko suna ba a sa masa ba balle ya fito a taswira, sai ya kira ka sau huɗu kana kwatance da tankin ruwa da gidan da ba a gama ba. Kafin ya iso abin soyawa ya yi laushi, mai zafi ya koma ɗumi-ɗumin nan da muka ce. Ga kuɗi kuma, manyan manhajoji irin su Uber Eats da DoorDash suna cire wa mai abinci kwamisho daga kashi 15 har zuwa 30 cikin 100, shi ya sa da yawa ke ƙara farashi a manhaja fiye da na shago, sannan kai ma a caje ka kuɗin kawowa daban. Akwai kuma waɗanda kicin ne kawai ba wajen zama, wani lokaci kicin ɗaya ne yake da suna uku a manhaja. Ba laifi ba ne, amma ba ka da inda za ka je ka leƙa. Dabarar da ta fi, in ka samu waje na kusa da ka yarda da shi karɓi lambarsu, ka kira kai tsaye, ka biya ka ɗauka a hanyarka ta dawowa. Masu dafawa a gida suna tallatawa a guruf ɗin unguwa su ma suna cikin wannan layin, wasu hannunsu ya fi na kowa a unguwar, sai dai ka fara da ƙaramar oda kuma ka tambayi maƙwabcin da ya daɗe yana saya.

Wuraren ƙawa da na cikin mol ba sai na ja ba. Na fita da baƙi ne ko ranar wani farin ciki. Hayar wajen da kayan adon duk suna cikin kuɗin filetinka. Ka bar su su yi wata uku tukuna ɗokin buɗewa ya lafa, sannan a ga ko girin-girin ɗin zai yi mai.

Taurarin intanet fa, wato makin yabon da kwastomomi ke ba gidajen abinci? Suna da amfani amma a sabuwar unguwa sun fi ko'ina rauni. Wajen da ya buɗe wata biyu yana da tauraro biyar daga mutum tara, ai wannan 'yan'uwa ne da abokan ango. Michael Luca na Jami'ar Harvard ya nuna a 2011 cewa ƙarin tauraro ɗaya a Yelp, shafin da kwastomomi ke rubuta sharhi da ba da taurari, yana ƙara wa gidan abinci mai zaman kansa ciniki da kashi 5 zuwa 9 cikin 100, to ka ga dalilin da zai sa wani ya sayi yabo, kuma a wani binciken da ya yi da Georgios Zervas a 2016 sun ga kusan kashi 16 na sharhin gidajen abinci a yankin Boston Yelp da kanta ta tace su don ba ta yarda da su ba. Ni na tsakiya nake karantawa, masu tauraro uku, su ne ke faɗin abin da ya yi da wanda bai yi ba, sannan in duba kwanan wata, yabon bara ba ya aiki in an canza mai girki. In a inda kake hukuma na liƙa sakamakon duba tsafta a ƙofa, kamar A da B da C da birnin New York ya fara a 2010 ko maki 0 zuwa 5 na Ingila, wannan ya fi taurari nauyi nesa ba kusa ba. In babu, shiga banɗakinsu, inda kwastoma ke gani ke nan, in babu sabulu a nan to kar ka sa ran akwai a kicin.

In ni ne zan tsara wa mai tarewa, reshen kamfani na makon farko ne da daren da komai ya rufe, oda ta waya ta ranar ruwan sama ce ko rashin lafiya, ƙarfin neman kuma a sa shi a kan ƙaramin waje guda mai gajeren menu da ba ya wuce tafiyar minti goma daga gida, da wani na biyu a ajiye saboda ranar da na farkon ya rufe ba sanarwa. Ka fara da abincinsu mafi sauƙi wanda kowa ke saya, ba mai tsadar ba, ka koma a wata rana daban a wani lokaci daban ka ga ko hannun ɗaya ne. In akwai abin da ba ka ci saboda addini ko lafiya, tambayi mai girkin da kansa, weita sau da yawa e kawai zai ce maka don kar ka fita. Wanda zai nuna maka hanya kuwa ba dillalin da ya ba ka gida ba ne, shi komai na unguwar mai kyau ne a bakinsa, tambayi maigadin layin ko mai shagon kusa ko masu aikin ginin da ke gefenka, kuma kar ka ce musu ina ne ya fi kyau don za su tura ka wajen masu tsada, ce musu ku ina kuke ci.