Fankar da aka sa min a kwantena, bayan bazara ɗaya da damina ɗaya

Tun bara nake so in rubuta wannan abin amma na ce bari in jira damina ta wuce tukuna, don fankar da ba ta ga watan Agusta ba ba ka san halinta ba. Kwantena ce da ni ƴar ƙafa 20 a nan Rigasa da ke Kaduna, ita ce sito na, fulawa, sikari, taliya, madarar gari, magi da su omo nake ajiyewa a ciki, shagon kuma yana gefe. Duk wanda ya taɓa buɗe kwantena da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu a garin nan ya san abin da nake nufi, wani huci ne zai daki fuskarka kamar ka leƙa tandar masu burodi. Yaron shagona har cewa yake Hajiya a bari sai la'asar a ɗauko kaya, kuma ban ga laifinsa ba.

Amma wlh abin da ya kai ni nemo mai gyara ruwa ne, zafin na daɗe ina haƙuri da shi. Wata safiya cikin marka na buɗe na ga rufin ciki duk ya yi gumi, ɗigo-ɗigo a jere, wasu na faɗowa kan kwalayen taliya. Kwali ya yi laushi, sikari buhu biyu ya dunƙule ya zama kamar dutse, fulawar da ke jingine da bango ta soma warin fumfuna. Na ɗauka yoyo ne, na sa aka hau sama aka duba, ko ƙofar allura babu. Ashe ruwan daga ciki yake. Da rana ƙarfe ya ɗau zafi, danshin da ke jikin kwalaye da katakon ƙasa ya tashi ya cika iskar ciki, da dare ƙarfen rufi ya huce, danshin ya taru a jikinsa ya koma ruwa, irin yadda robar ruwan sanyi take gumi in ka fito da ita daga firij. Ita kuma kwantena an yi ta ne don tafiyar teku, ƙofarta da roba zagaye, ƴan hujojin da ke saman bangonta ba su fi tafin hannu ba, to ina iskar za ta bi.

Ƙanina ne ya haɗa ni da wani mai walda a Panteka, dattijo ne haka, ba mai yawan magana ba. Ni da na je fanka kawai na ce a sa min, irin mai zuƙe iska ɗin nan da ake cewa ekzos, wadda ake sa wa a kicin da banɗaki. Sai ya ce sai ya zo ya ga wajen tukuna. Ya zo, ya zagaya, ya tambaye ni ta ina rana take dukanta da yamma, ta ina ruwa yake kaɗowa, sannan ya ce, "Hajiya, in na huda miki waje ɗaya kuɗinki kawai na ci. Fankar nan fitar da iska take, in ba ki ba ta inda wata za ta shigo ba sai dai ta yi ta gurnani a banza." Na ce Malam ni fa tsoron huji nake, ɓarayi. Ya ce zai sa rodi a gicciye, ko hannun yaro ba zai wuce ba.

Wannan maganar tasa ita ce duk sirrin aikin, kuma na tabbatar da ita da idona, don wata rana yaron shago ya jera buhuna ya toshe mashigar iskar bai sani ba, fanka na juyawa amma cikin kamar ba a kunna komai ba. Yadda ya tsara shi ne fanka mai inci 12 a can ƙurya, sama dab da rufi, tunda iska mai zafi sama take taruwa, sai tagogi biyu ƙanana a ƙasa kusa da ƙofa, ɗaya kowane gefe. Iska ta shigo ta ƙasa ta gaba, ta ratsa tsawon kwantenar mita 6 ɗin nan, ta fice ta sama ta baya. Ya ce da kusa da juna aka sa su iskar za ta shigo ta fice ne nan take, ƙuryar ta zauna da zafinta. Kowane huji ya yi masa ƴar hula ta ƙarfe mai kallon ƙasa saboda feshin ruwa.

Batun wuta, ya ba ni zaɓi, mai amfani da wutar layi ko mai bolt 12 da ƙaramin sola a kan rufi. Na ɗauki ta sola, ba batir ba komai, rana ta fito ta tashi, rana ta faɗi ta kwanta. Da farko na ga kamar rowa na yi, daga baya na gane dabara ce mai kyau, lokacin da ƙarfe ya fi ƙuna lokacin ta fi gudu, kuma ba ruwana da an kawo ko an ɗauke. Duka da kuɗin fanka da sola da aiki bai kai abin da na yi asara a sikari da fulawar nan ba, kuma ya gama a yini ɗaya, da hantsi suka fara yanka kafin magariba sun tattara kayansu.

To ya aikin? A bazara bambancin a fili yake. Kar dai wani ya ɗauka AC ce, ba ta sanyaya komai, iyakarta ta sa cikin ya kusanci zafin waje, kuma wajen ma a watan Maris da Afrilu ai ba sauƙi ne da shi ba. Amma hucin nan mai dukan fuska ya tafi, yaro yana shiga ya yi lissafin kwalaye ya fito ba tare da rigarsa ta jiƙe sharkaf ba, bota da alewa sun daina narkewa, warin omo da ke kama taliya shi ma ya ragu sosai. A nan ban da ƙorafi.

Damina ce mai labari. Daga Mayu zuwa Yuli rufi a bushe, na yi ta murna. Da aka shiga Agusta aka yi kwana uku ana marka ba rana, sola ta yi sanyi, fanka na juyi kamar mai jin barci, iskar wajen ma kanta a jiƙe take, to me za ta fitar me za ta shigo da shi. Sai ga gumin ya dawo, ba kamar da ba dai, ba ya ɗiga, amma in ka shafa rufin da asuba hannunka zai jiƙe. Na kira mai waldar, ya ce ba laifin fanka ba ne, kuma gara ma da ba ta aiki da dare don raɓa za ta yi ta jawo min. Shawarar da ya bayar ita ce in ɗaga kaya daga ƙasa a kan katako, in bar tazara kamar taki ɗaya tsakaninsu da bango, in daina shigar da kwalin da ruwa ya taɓa a mota, sannan in yi rumfar kwano a sama da ɗan fili tsakaninta da rufin, ita za ta tare rana kuma ta hana ƙarfen yin sanyi sosai da dare. Ukun farko na yi kuma na ga amfaninsu, ko buhu ɗaya bai dunƙule ba bana.

Yanzu inda na ji haushi. Wajen da suka yanka ba su shafa masa fentin hana tsatsa ba, silikon kawai suka zagaya, kafin Satumba sai ga jan layi yana gangarowa daga ƙasan fankar, ƙarfen da aka yanka aka bar shi tsirara ai dole. Na biyu ragar da suka sa a tagogin ƙasa mai manyan ido ce, ɓera bai shiga ba amma kyankyaso da ƴan ƙadangaru sun mai da wajen gidan ubansu. Ya dawo ya gyara duka biyun, ya kankare ya yi fenti ya ƙara raga mai ƙananan ido irin ta sauro, bai karɓi ko sisi ba sai kuɗin raga, amma sai da na kira sau huɗu, kullum "gobe in Allah ya yarda Hajiya", goben ta ɗauki sati biyu. In maki zan bayar, aiki huɗu cikin biyar, cika alkawari biyu.

Wani abin da bai faɗa min ba kuma ya kamata ya faɗa shi ne hunturu. Fanka mai jan iska ƙura ma take ja, ragar sauron nan cikin sati ɗaya take toshewa da jar ƙasa, solar ma ta yi buɗu-buɗu gudun ya ragu. Yanzu duk Juma'a kafin a tafi masallaci yaro yana goge raga da tsohon buroshi, ya hau ya share sola da tsumma, buhunan gaba kuma na lulluɓe su da leda.

Maƙwabcina mai sayar da kayan gini yana da ƴar ƙafa 40, ya zo ya gani ya ce shi ma yana so, Malam ɗin ya ce masa fanka ɗaya ba za ta ishe shi ba tunda cikin ya ninka na tawa, sai biyu, ga shi kuma tasa fentin shuɗi ne mai duhu wanda ya fi shan rana, tawa fara ce. Suna nan suna ciniki. Ni kuma rumfar ce ta rage min, na riga na sayi kwano yana jingine a bayan shago, Malam ɗin ya ce min ranar Asabar, ban dai tambaye shi wace Asabar ɗin ba.